Rubutun da Na Ƙi Gogewa

Masu cika mini waya da tambayar ko an buɗe kwalbar baikon, ku gyara zama. Ni kaina har yanzu in na tuna makon nan sai na nemi inda zan tofar da yawu. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Fifame, shekarata ashirin da tara, 'yar Papa Hunsu mai goge motoci a Sekanji, bayan filin da ake jibge motocin da jirgi ya sauke a Kwatano. Tun ina 'yar sha biyar nake riƙe injin goge. Tafin hannuna ya yi kanta, ƙarƙashin farcena ba ya rabuwa da baƙi ko da me na wanke, kuma Tanti Ablawa, yayar Papa, ta rantse cewa wannan hannun ne ya kori duk namijin da ya taɓa yi mini sallama.

Romarik Agbosu kaɗai bai gudu ba. Dillalin motoci ne, shekararsa talatin da takwas, cikin mota goma da ke shigowa shagonmu bakwai nasa ne. Kafin ka gan shi turarensa ya riga shi shigowa. Takalminsa mai tsini, agogonsa ya yi wa hannunsa yawa, kuma in ya gaisa da ni sai ya zaro hankici ya goge yatsunsa a hankali yana murmushi, a tunaninsa ba na lura. Ni da aikina ke nan lura.

Bari in faɗa muku gaskiya tunda a nan kaɗai nake faɗinta. Na riga na amince a zuciyata. Ba wani so nake masa mai hana barci ba, gajiya na yi. Ƙanwata Senan shekara biyu ke nan saurayinta na jira, don Tanti ta ce a gidan Hunsu ƙarama ba ta tsallake babba, yarinyar har ta daina kallona ido da ido. Idon Papa kuma ya yi yana, abin ya fi yadda mutanen fili suka sani. Shafa mota yake da hannu, ni in haska fitila in raɗa masa abin da na gani, shi ya faɗa wa mai mota da muryarsa. Na ce wa kaina, ai Romarik ba ya sha ya faɗi, yana zuwa coci, kuma ranar da muke cin soyayyen kifi a bakin teku na tambaye shi kai tsaye ko yana da mata ko ɗa a wani wuri, ya dafa ƙirji ya ce ko kyanwa ba ya kiwo. Aka sa ranar Lahadi. Danginsa za su zo da atamfofi da abin sha, Tanti za ta ɗaga kwalba ta tambaye ni sau uku a gaban kowa ko a buɗe. In na ce e sau uku, an gama.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsugune ina wanke sosunan goge sai na ji ana ta danna oda a bakin shago. Baƙar mota ce mai ƙofa huɗu, an ɗaura mata jan ƙyalle tun daga gaba har baya, tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga mai. Romarik ya fito cikin farar shadda, Tanti Ablawa ta fito ta ɗaya ɓangaren tana gyara ɗauri, ashe biyawa ya yi ya ɗauko ta. Tun ba ta sauke ƙafa ta biyu ba ta fara guɗa, mai sayar da akasa, agidin garinmu, da makanikan maƙwabta suka taru.

"Taki ce, sarauniyata," in ji shi, ya miƙo makulli da yatsa biyu. "Shekaranjiya ta sauka daga jirgi. Ko ƙurar ƙasar nan ba ta sani ba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ya kama ni. Shekara goma sha huɗu ina gyara motocin mutane, in na tashi in tsaya bakin titi in tare zem kamar kowa, ɗan babur ya yi ta ratsa ni cikin hayaƙi. Na karɓi makullin da hannuna mai kumfa. Tanti ta dungure mini kai ta ce in durƙusa in yi godiya, na durƙusa.

Da na miƙe ne na shafa gefen motar, sai na ji santsin da ban so ba. Ku da ba ku san aikinmu ba, fenti mai lafiya in ka ja yatsa a kansa yana ɗan riƙe yatsan, yana ƙara siririya. Wannan kuwa zamewa yake, ya bar maiƙo. Akwai wani mai da dillalai ke laftawa mota ranar da mai saye zai zo, mu a shago hoda muke kiransa. Ba ya cire ƙujewa ko ɗaya, cike ta yake ya ɓoye, wanki biyu ya tafi, mai mota ya wayi gari da abin da ya saya. Papa ya tsani hoda fiye da yadda ya tsani maƙaryaci. Shi ma ya zo ya shafa, na ga ya murza yatsunsa, ya kai hanci, ya mayar da hannunsa aljihu.

Romarik ya ce abu ɗaya ya rage. Yana so ranar Lahadi motar ta tsaya ƙofar gidanmu tana ɗaukar ido, don haka in shafa mata rufin fentin nan namu mai shekara uku. Ya ce kada in wahalar da kaina da wanki, yaransa sun gama komai, shafawa kawai. Na ce to. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Sarauniyata, ban da wanki fa. Ki adana mini hannayen nan, zobe zai hau su."

Bayan minti biyar wani:

"Rufi kawai. Kin ji ko?"

Namijin da bai taɓa damuwa da hannuna ba sai in zai goge nasa, yau shi ke tausayinsa har sau biyu. Na aika masa da hoton zuciya ɗaya, na kife wayar.

Rufi ba ya gyara komai. Wannan ne abu na farko da Papa ya koya mini, tun ina tsayawa a kan bulo kafin in kai saman mota. Ruwa ne siriri da ke bushewa ya yi tauri a kan fenti, duk abin da ya tarar a ƙasa shi zai riƙe, mai kyau ko mummuna, har shekara biyu ko uku. Shi ya sa a shagonmu ba a buɗe kwalbarsa sai an wanke mota, an murje ta da danƙon da ke tsince ƙazantar da ta maƙale, an goge da sifirit don duk wani maiƙo ya tashi, sannan an rufe ƙofofi an duba da fitila. Ko motar wa ce. Ban ga dalilin da zai sa tawa ta zama ta farko da za a yi wa algus ba.

Juma'a da safe na cire jan ƙyallen, na haɗa sabulu mai ƙarfi a bokiti biyu. Ruwan farko da ya gangaro sai da na kau da kai. Kauri gare shi, launin toka, yana warin tsohon mai da turaren kanti. Sun lafta hodar har cikin ramukan hannun ƙofa, har kan roba, kamar mai shafa wa gawa kwalliya. A ƙarƙashin kujerar baya, da na sa hannu, na zaro busasshen ɓawon lemo da murfin biro da aka tattauna da haƙori. Na ce ƙila na Turawan da suka sayar da ita ne, Turawa ma suna da 'ya'ya. Sai dai jan yashin da ke cikin mazaunin taya ba daga kowane jirgi ya zo ba, yashin lungunanmu ne, kuma ya daɗe har ya kama jiki.

Na murje ta da danƙo, na bi ta da sifirit tsumma bayan tsumma, na ja ƙofar shago na kunna fitila. Abin da na zata shi na gani. Ƙuje-ƙuje zagaye-zagaye ko'ina, irin wanda ake samu in mai gadi ya shekara yana wanke baƙar mota da tsohuwar singileti da ruwan kwata. Wannan bai dame ni ba, aikina ne, yini ɗaya da rabi in mayar da ita madubi. Raina ya ɗan sosu cewa ya yi mini ƙaryar jirgi, amma dillali da ƙaryar jirgi ai tare aka haife su. Ina ta zagayawa da fitila ina lissafin sosun da zan fara da shi, har na iso ƙofar baya ta dama.

Ƙujewar wurin daban take. Ba zagaye take yi ba, miƙewa take tana lanƙwasa. Na karkata fitilar, na durƙusa, sai haruffa suka taso mini.

Kun san yadda yara ke rubutu da yatsa a jikin mota mai ƙura. A farin fenti ba a ganin komai bayan an wanke. Baƙin fenti kuwa ba ya mantuwa, kowace ƙwayar yashi da yatsa ya ja sai ta bar layi siriri, rana ko fitila kawai ke tona shi. A can ƙasa, daidai gwiwata, da'irori ne da sanduna, hannun da bai san abin da yake yi ba. Sama kaɗan, harafin A manya-manya, wasu a kife. Sama da nan, mutum uku riƙe da hannun juna, na tsakiya ƙarami mai kitso biyu. Rubutu a kan rubutu, yana hawa yana gyaruwa, shekara bisa shekara. A can sama, dab da gilashi, cikin hannun makaranta mai tsabta, sunan gida da manyan baƙaƙe a gaba yadda malamai ke koya mana tun aji ɗaya: AGBOSU Mirabel. A ƙarƙashinsa ta rubuta kwanan wata, ta ja layi, kamar a allon aji. Litinin ɗin makon nan ce.

Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti.  Jiya na durƙusa a gaban mutanen unguwa na yi godiya a kan wannan motar. Na fita bayan shago na wanke hannun da ya karɓi makullin har sau uku da sabulun mota.

Hoton irin wannan abu wuyar ɗauka gare shi, sai da na jingina fitila a kan bokiti na yi ta gwadawa kafin ya fito. Na tura masa ba tare da kalma ko ɗaya ba. Na ga alamar ya buɗe. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Na ce ban da wanki."

Abin da ya fara turowa ke nan, wallahi. Sai na biyu:

"Shirmen yaran unguwa ne. Ki sa inji ki goge, minti goma ne a wurinki."

Na rubuta: "Wace ce Mirabel?"

 Kafin awa ɗaya turarensa ya shigo shagon, shi yana biye, yana ɗage ƙafar wando kada ruwa ya taɓa. Bai ko kalli ƙofar motar ba. Ya ce tsohon zance ne, kuskuren ƙuruciya, wata mai ɗinki ce a Akpakpa, ba aure suka yi ba, kuma da ma yana da niyyar gaya mini bayan biki in hankali ya kwanta. Na tambaye shi ko Litinin ɗin da ta wuce ma ƙuruciya ce. Ya ce in daina yi masa magana kamar ɗan sanda. Motar da sunansa take, takardu na nan, shi ya ba da aronta shi ya karɓi abarsa, ya canja mata lamba ya kawo wa wadda ta cancanta.

"Yarinyar da me take zuwa makaranta?" na ce.

"Da abin da kike zuwa aiki. Zem ya ƙare a garin ne?"

Ya yi dariya, ya miƙo hannu zai kama haɓata. Na ja da baya har na taka bokiti. Ban taɓa lura cewa yana shafa wa gashinsa baƙin rini ba sai ranar, gumi ya gangaro da shi ta bayan kunne ya ɓata wuyan farar rigar. Kafin ya fita ya tsaya bakin ƙofa ya ce, cikin murya mai laushi, akwai masu goge mota da yawa a Sekanji, shi dai yana kawo wa Papa ne saboda girmamawa.

Na ɗauka na gama jin ƙyama a ranar, ashe da saura. Da na koma gida na tarar da tsakar gida cike da tukwanen aro, Senan na yanka albasa, Maman, mahaifiyata, na tankaɗen garin masarar da za a yi jan tuwon amiwo, Tanti Ablawa zaune a kan kujerar roba tela na gwada mata leshi ruwan zuma. Na ja ta ɗaki na nuna mata hoton. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta miƙo mini abata.

"To sai me?" ta ce.

"Tanti, 'ya gare shi. Motar uwarta ce ya ƙwato."

"Mirabel ko? Ai da wayonta, aji uku take."

Na tsaya ina kallonta. Ta ce in rufe baki kada ƙuda ya shiga. Tun watan jiya ta sani, ita da ta bi diddigin gidansu kafin ta yarda a sa rana, ko na ɗauka a banza ake zama babbar gida? Ta ce namiji mai shekara talatin da takwas wanda ba shi da ɗa a waje shi ne abin tsoro, wannan ai shaida ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce mai ɗinkin ta samu shekara bakwai ba ta iya sa shi ya kai kwalba gidansu ba, laifin wa? Sannan ta kama hannuna ta juya shi tana duba kantar, yadda ake duba kifi a kasuwa.

"Duk garin nan ke kika fi kowa iya goge abu ya ɓace. Ki je ki goge, ki yi mana shiru har Lahadi. Ki dubi ƙanwarki."

Na dubi ƙanwata ta taga. Tana share hawayen albasa da bayan hannu, kuma na san kunnenta na wurinmu.

Asabar da sassafe na riga kowa zuwa shago, amma na tarar da Papa zaune a kan bencinsa da kofin shayi. Ban san wa ya gaya masa ba, a gidanmu bango ma yana kai rahoto. Ya ce in kai shi wurin. Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙofar, duk da na san yatsa ba ya jin irin wannan layin. Ya tambayi inda rubutun ya fara, na sauke hannunsa ƙasa. Ya tambayi inda ya tsaya, na hau da shi har dab da gilashi. Ya bar tafinsa a wurin ya daɗe.

"Nan kike kaiwa lokacin da na fara ɗora ki a kan bulo," ya ce.

Ya koma benci. Na jira ya ce in goge ko kada in goge, bai ce ba. Abin da ya ce shi ne, shi yanzu ba ya gani, ni ce idonsa a shago, kuma gobe ma abin da na gani shi zai faɗa. Ya faɗe shi da ƙarfin hali, amma mu biyun mun san mota bakwai cikin goma ba wasa ba ne. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauko salatif na zagaye ƙofar baya ta dama, na rufe ta da takarda. Sannan na kama aiki. Na gwada a ɗan wuri da soso mai laushi, bai ci ba, na koma mai tauri. Kaɗan-kaɗan nake bi, faɗin tafi huɗu, inji na tafiya a hankali, in tsaya in goge da sifirit in haska, in ga sauran zagaye in maimaita. Baƙin fentin nan laushi gare shi, ka matsa ya ƙone, ka sassauta ya yi maka dariya. Ban ci komai ba sai gasasshiyar ayaba da gyaɗa da Papa ya aiko mini. Saƙon Romarik ya shigo da rana: "An goge?" Na ce ana kai. Ya turo hoton zobe da zuciyoyi bakwai. Zuwa la'asar na bi ta da soso mafi laushi, na yi sifirit na ƙarshe, na haska. Ko layi ɗaya babu, ina ganin ramukan kwanon rufin shago a cikin fentin. A rayuwata ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa tsanar mota kamar wannan ba.

Sai na yaye takardar. Na goge ƙofar da sifirit a hankali, da sabon tsumma, don kada in ƙara ko layi ɗaya a kan na yarinyar. Na buɗe kwalbar rufi. Karo na farko a tarihin shagon Hunsu aka rufe ƙujewa da gangan, kuma ni na yi, na yi har shafi biyu. Yanzu ko wa ya kai wa motar sai ya ci rufin da inji kafin ya kai ga sunan.

Lahadi bayan an taso daga coci aka kafa rumfa a ƙofar gida. Aka sa ni cikin leshi ruwan zuma mai ƙaiƙayi, Senan ta ɗaura mini kallabi mai tsayi har ina sunkuyawa a bakin ƙofa, Maman ta sa mini sarƙar aurenta, Tanti ta kawo farar safar hannu ta ce in rufe abin kunya. Ni na ajiye motar da kaina tun da safe, na juya ta yadda rana in ta karkata za ta faɗi a gefen dama. Na san rana kamar yadda na san fitilata.

Danginsa suka iso mota uku, mata ɗauke da tasoshin atamfa a ka, maza da akwatunan abin sha. Aka ba su ruwa, aka yi ta doguwar gaisuwa da barkwancin da aka saba, wai sun ga wani fure a gidan nan, Tanti na cewa furanninta da yawa wanne ciki. Mahaifiyarsa, Maman Agbosu, tana zaune a gaba, 'yar siririyar tsohuwa mai tabarau, tsohuwar malamar firamare, ba ta dariya sai in abin ya kai. Romarik na gefenta cikin babbar riga mai aiki, yana ta leƙen motar daga nesa yana gyaɗa kai, don daga inda yake ba abin da ake gani sai ƙyalli.

Wajen ƙarfe biyu aka fito da ni. Tanti ta ɗaga kwalbar sodabi, barasar gargajiyarmu, da hannu biyu.

"Fifame, 'yar ƙanena, mutanen nan sun zo dominki. A buɗe?"

Na ce kafin in amsa, ina so uwar mijin da za a ba ni ta sa wa kyautar ɗanta albarka da hannunta, tunda ni na gyara ta. Mutane suka yi ta tafi, wai yarinya mai tarbiyya. Tanti ta harare ni ta ƙasan ido. Na cire safar hannun na ajiye a kan kujera, na kama tsohuwar na taka da ita har gefen dama. Rana ta faɗi daidai inda na aike ta. Duk motar baƙa wuluk kamar ruwan rijiya, ƙofa ɗaya tak ta yi fari da zane.

Maman Agbosu ta gyara tabarau. Ta sunkuya. Na ga idonta ya fara daga ƙasa yana hawa, daga da'irori zuwa mutum ukun nan, har sama. Ta ɗaga yatsa ta bi harafin farko ba tare da ta taɓa fentin ba.

"Ni na koya mata ja wa kwanan wata layi," ta ce, a hankali, ni kaɗai na ji.

Romarik ya taso da sauri yana cewa Maman rana ta yi zafi, a dawo inuwa. Ba ta juya ba. Ta tambaye ni ko na san da yarinyar, don shi ya ce mata na sani tun farko kuma na yarda. Na ce shekaranjiya na sani, a jikin wannan ƙofar. Sai ta ce, wannan karon da muryar aji wadda ta kai har ƙarshen rumfa:

"Ya ce mini motar tana gareji. Ranar Laraba aka kawo mini jikata da ƙuna a ƙwauri, salansar zem ta ɗaye mata fata a hanyar makaranta. Ni na riƙe ta aka wanke ciwon."

 Wata daga cikin masu ɗauke da atamfa ta sauke tasarta ƙasa. Papa ya miƙe tsaye daga kujerarsa yana fuskantar inda ya ji muryata, Senan ta kama hannunsa, ban iya karanta fuskarta ba kuma har yanzu ban iya ba. Tanti Ablawa kuwa, don ita ba a kayar da ita a gaban mutane, ta ƙara ɗaga kwalbar ta yi tambaya ta biyu da ƙarfi, kamar ba abin da ya faru.

Tsohuwar ta buɗe ƙofar baya ta dama da kanta, ta tattare zaninta ta shiga ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"'Yata, kin iya tuƙi?"

"Na iya, Maman."

"To kai ni Akpakpa. Mai motar na jira."

Makullin na cikin rigata tun safe. Na tura kallabin nan mai tsayi ta ƙofar direba da ƙyar, na zauna. Ta madubi ina ganin Romarik tsaye da hankicinsa a hannu, baƙin rini na gangaro masa ta bayan kunne, ina ganin Tanti da kwalba a sama tana buɗe baki za ta yi tambaya ta uku. Na tayar da mota, ƙarar injin ta rufe muryarta.